Anti Maimaita ta Tagar Magani

Ƙarfe bakwai da rabi take ɗaga murfin tagar sashen magani. Kafin nan ta riga ta duba sanyin firij, ta jawo magungunan da wa'adinsu ya kusa zuwa gaban jeri. Shekara talatin da ɗaya tana haka a asibiti guda. Sunanta na yanka ya ɓace tuntuni, kowa Anti Maimaita yake kiranta, don ba ta sakin ƙullin magani sai mai karɓa ya maimaita mata yadda za a sha. Wanda bai iya karatu ba, sai ta zana masa rana da wata a jikin ambulan. In ya kuskure, a koma farko, ko da layi ya kai bakin ƙofa.

A wannan layin Auta ta tsaya wata safiya, tana da shekara goma sha biyar, riƙe da takardar kakanta. Tsohon yana kan benci da gwiwoyi a kumbure, yana tsokanarta wai amaryar tasa ko layi ba ta iya bi ba. Ita kuwa cike take fam, tana zagin matar tagar a zuci. Mutum ɗaya minti biyar, sai ka ce mai ɗaura aure.

Da aka zo kanta, ta karanto bayanin a guje don a sallame ta: ɗaya safe, ɗaya yamma, bayan ya ci abinci. Sai ta ƙara da cewa ai da sauƙi, za ta riƙa haɗa masa da 'yar ƙwayar nan ta zuciya da yake sha kullum.

Hannun Anti ya tsaya a kan ƙullin. "Wace ƙwaya, 'yata?"

Auta ta je ta lalubo fankon a aljihun kaka. Maganin tsinka jini ne, daga wani asibitin aka rubuta masa. Likitan nan bai tambaya ba, kaka kuma bai faɗa ba, don a wurinsa abin da mutum ya shekara yana sha ya tashi daga magani. Anti ta ce in aka haɗa biyun nan, jini na iya ɓalle wa tsohon a ciki ba wanda ya sani. Ta rufe taga, ta ce Auta ta biyo ta.

Likitan yaro ne, Anti ta kusa haifarsa. A gaban marasa lafiya ya daka mata tsawa, wai aikinta miƙa abin da aka rubuta, ba gyaran alƙalamin likita ba. Anti ko ƙafarta ba ta motsa ba. Ta ajiye fankon a kan teburinsa.

"Ranka ya daɗe, kai ka rubuta. Amma da hannuna za a ba shi."

Ya duba, ya soke ya rubuta wani. Ko sannu bai ce mata ba.

A ranar, Auta ta koma gida ta zazzage kwandon magungunan gidansu kaf, tana karanta ƙananan rubutun da ba wanda ya taɓa kulawa da su. Mamanta ta ce yarinyar nan ta zautu. Ba ta warke ba har yau: tana shekarar ƙarshe a karatun harhaɗa magunguna. Kaka kuwa ya ƙara shekara bakwai a duniya yana tsokanarta.

To ga sakayyar da wannan baiwar Allah ta samu. Wata uku da suka wuce sabon shugaban sashe ya tsaya da agogo a bayanta, ya ce tana ɓata lokaci. Aka ɗauke ta daga taga aka jefa ta sito tana jera kwalaye, aka cusa takardar gargaɗi a fayil ɗinta. Da wannan takardar za ta yi ritaya ƙarshen watan nan. Shekara talatin da ɗaya, kuma kalma ta ƙarshe da asibitin ya rubuta a kanta ita ce wai tana da nawa wajen aiki. Agogonsa ya auna mintunan da ta ci. Wa ya nuna masa mutanen da ke yawo da ƙafafunsu saboda mintunan?

Auta ta same ta a siton, ta kasa riƙe hawayenta, ta ce wallahi sai an rubuta wannan duniya ta ji. Anti ta karkaɗe ƙurar hannunta ta ce in dai za a rubuta, a gaya wa mutane su riƙa zuwa da maganinsu na gida idan za su ga likita.

Anti, ke ce ƙofa ta ƙarshe tsakanin alƙalami da bakin mara lafiya. Ke ce kika sha tsawa don wani ya sha daidai. Mun isar da saƙonki, mun gode, Allah ya saka miki da abin da ya fi yabonmu. Masu tsaron tagogi, ku yi tambaya irin tata, ko layi zai yi gunaguni.

Ku kuma shugabanni, ita ba ta roƙe ku ba, kuma ba za ta roƙa ba. Mu ne muke faɗa muku: saura kwana tara ta tafi. Ku cire takardar nan.