Katangar Gidan A'i Mai Ƙuli-ƙuli

Duk wanda ya bi hanyar Maigatari daga Gumel a 'yan shekarun nan kafin Turawa su tafi ya ga A'i mai ƙuli-ƙuli. Tsohuwa ce siririya, tana zaune cikin rana tsaka, ƙafa a miƙe, faifai a gaba, ga inuwar katanga nan a bayanta amma ko matsawa ba ta yi. Mutane suka ce son ciniki ne ya yi mata yawa. Su mutane dama ba sa rasa abin faɗa, musamman a kan abin da ba su sani ba.

'Yar garin Ɗanzomo ce. Aure ya kawo ta gidan Ilu majemi, gidan da ke tsaye shi kaɗai a gefen gari, don ba mai son maƙwabtaka da warin jima. A nan ta goyi ɗanta na fari, Badaru, wata goma sha huɗu, sannan ƙyanda ta ɗauke shi. Ilu ya haƙa masa kabari a bayan ɗakinta, jikin katangar da ke duban hanya, yadda aka saba yi wa ƙananan yara a gidansu. A'i ba ta yi kuka ba. Ɗan fari ne, ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, balle a yi kukansa. Ta tashi ta ɗora tukunya, surukarta tana ta yabon kunyarta. Da damina ta faɗi sai ta dasa zogale a wurin, kuma shekara talatin da 'yan kai, kullum da safe nan take fara sharewa kafin ta share ɗakinta.

Hudu ne ya biyo baya, shi kaɗai ya rayu. Ya san yana da wa da ya rasu, amma ba wanda ya taɓa nuna masa inda yake. Ya tashi ya ƙi jima, ya koyi ɗinki, ya sayi keke. Bayan rasuwar Ilu, a shekarar 1954, ya ce zai rushe tsohon zauren, ya fitar da shago bakin hanya, ya ƙara ɗaki biyu na kwano, ɗaya na matarsa, ɗaya na uwarsa. Yaron kirki ne, a faɗi gaskiya.

Da can, mai son gini goro yake kai wa mai unguwa, a yi addu'a, a soma kwaɓa ƙasa. Yanzu kuwa sai da takarda daga ofishin En'e, sai malamin awo ya zo da igiyarsa. Wata biyar Hudu yana zirga-zirga, yau malami ya tafi Sule Tankarkar, gobe ba a sa hannu ba. Ranar da takardar ta fito ya shigo gida yana washe baki.

"Inna, an ba mu! Sharaɗi ɗaya ne kawai. Za a faɗaɗa hanya saboda motocin gyaɗa. Gidan da ba a taɓa ba, an bar shi yadda yake, amma wanda zai yi gyara sai ya ja katangarsa ciki kamu shida."

A'i tana tsince wake. Hannunta ya tsaya.

"Wace katangar?"

"Ta bakin hanya mana. Ba abin da za mu rasa sai zogalen nan."

Ba sai ta auna ba. Kamu shida zai bar Badaru a waje, a kan hanyar mota.

Kalma uku ko huɗu sun isa su tsayar da aikin nan, domin Hudu ba zai taɓa fitar da ɗan'uwansa titi yana sane ba. Amma bakin da ya yi shekara talatin a rufe ba ya buɗewa don an zo da takarda. Ta ce ɗakinta ya ishe ta. Ta ce kwano zafi gare shi. Ta ce kajinta sun saba da gindin katangar. Hudu yana dariya yana ba ta haƙuri. Har gidan mai unguwa ta je, ta durƙusa a zaure cikin dattawa, maganar ta taso har maƙogwaro, sai ta ga idanun maza duk a kanta.

"Zogalena ne, ranka ya daɗe," in ji ta.

Aka fashe da dariya. Mai unguwa ya ce zai aiko mata da iri. Ni dai duk sanda na tuna wannan wuri sai haushinta ya kama ni, sannan tausayinta ya fi ƙarfin haushin.

Dogo magini ya zo da mutanensa, suka ture katanga, suka sare zogale, suka ɗaga sabuwa a inda malamin awo ya kafa turaku. Ma'aikatan hanya suka baje wurin suka zuba jar ƙasa. A'i tana kallo daga bakin madafa, har ruwan sha ta kai musu. Washegari ta soya ƙuli-ƙuli, ita da ba ta taɓa talla a waje ba, ta fita ta zauna daidai wurin, ba ta kuskure ko da taki ɗaya ba.

Haka ta yi shekara biyar. Mota ta taho tana ham, direba yana zage-zage, dole ya kauce. Jakai su kauce, raƙuma su kauce. In ruwa ya sauko ta kifa tabarma a ka. Abin ya dami Hudu ƙwarai, don an soma cewa ba ya ciyar da uwarsa. Ya roƙe ta, ya yi fushi, ya sa malamin unguwa ya yi mata nasiha. Ta ce to, gari ya waye ta koma.

A damanar 1959 ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Gwaggo Larai, ƙanwar Ilu, wadda rabonta da gidan tun kafin gyara, ta zo dubiya daga Gagarawa. Ta sauka a ƙofar gida ta tsaya tana waige-waige.

"Kai ɗan nan, ina zogalen?"

"Ya tafi a hanya, Gwaggo. Nan dai yake, inda Inna ke zama da faifanta."

Larai ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Ai yayanka ne ke kwance a nan. Da hannuna na miƙa wa ubanku shi."

Hudu ya daɗe a tsaye kafin ya iya shiga ɗakin kwanon. Ya durƙusa a bakin gado.

"Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta juya fuskarta ga bango. "In gaya maka me?"

Bai sake tambaya ba. Ya je ofis, aka ce masa hanya ta riga ta zama hanya. Da ya dawo sai ya ɗauko keken ɗinkinsa daga shago, ya kafa shi cikin rana a inda take zama. A'i ta ji ƙarar keken daga wurin da ba a saba jin sa ba. Ta saurara, ta saurara, sannan ta ce wa Larai a kai masa malafa.

Kwana tara bayan haka ta cika, da hantsi. An riga an hana binne mutum a gida, saboda haka can maƙabartar bayan gari za a kai ta. Hudu ne a gaban makara. Da suka fito ƙofar gida bai miƙe hanya ba, ya karkata hagu taku kaɗan ya tsaya cak, makarar tana bisa jar ƙasar nan.

"Lafiya?" in ji Dogo magini daga baya.

"Ku ɗan dakata," in ji Hudu, "kafaɗata nake gyarawa."

Suka dakata. Ya daɗe yana gyaran kafaɗar.