Siminti a Bayan Gidan Duba-gari

Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin duba-gari. Da farar riga yake shiga gidajen mutane, ya leƙa randa, ya bi kwata, ya buɗe bayan gida, in ya ga ƙazanta ya yi faɗa kamar zai ari baki. Sunan aikin ya bi shi har bayan ritaya. A layinmu ba wanda yake kiransa da wani suna sai Duba-gari, har surukansa in ba ya wurin.

Da ya ajiye aiki, abu biyu ya riƙe: baƙin kekensa da ya yi yawon aiki a kansa, da filin bayan gidansa. Da hannunsa ya kafa rumfa a wurin, ya zuba awaki huɗu, da agwagi, da zomaye a keji mai hawa biyu. Akwai wata tsohuwar akuya ja da yake kira Mai Gardama, don ba ta shiga turke sai an roƙe ta. Sau biyu yake share wurin a rana, ya yayyafa toka. Yakan ce wa baƙi, "Ku shaƙa da kyau. In kun ji wari, ni da kaina zan kai kaina ƙara."

Kullum da safe yakan ɗaure lauje da buhu a bayan keke ya fita yankan ciyawa bakin gari. A hanya yakan tsaya ƙofar shagon Tela, amininsa tun suna samari, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Tela ya fito da nasa keken, su jera suna tafe suna musun da ba ya ƙarewa, wa ya fi wani tsufa, wa gwiwarsa ta fi ƙara.

Ana haka yanar ido ta fara rufe masa idon hagu. Wata safiya yana dawowa da ciyawa bai ga bakin kwalbati ba, ya faɗa kwata shi da keken. Gwiwa ta goge, gefen goshi ya fashe kaɗan. Tela ya ciro shi yana salati.

"Wannan tsakanina da kai ne," in ji Duba-gari yana kakkaɓe wando. "In yaran nan suka ji, na gama hawa keke."

"Haba, ni da kai? Bakina alaikum."

A gida ya ce ƙofar kejin zomaye ce ta buge shi. Uwargida ta dube shi, ta kawo ruwan zafi.

Bayan mako biyu babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, ya zo da maganar aikin ido. Ya ce an samu likita a garin da ƙanwarsa Auta take aikin asibiti, sai Baba ya je ya zauna wurinta har ya warke. Duba-gari ya ji daɗi, har ya shi masa albarka. Damuwarsa ɗaya, Mai Gardama tana da tsohon ciki. Ya tsaya ya nuna wa Uwargida yawan dusar da ake ba ta, ya goge keke da mai, ya jingine shi a soro ya rufa masa tsohon zani.

Aikin ya yi kyau. Mako uku ya yi a gidan Auta, kullum sai ya sa ta kira masa gida.

"Uwar yara, yaya mutanena?"

"Lafiya lau, Malam."

"Mai Gardama ta sauka?"

"Tukuna dai. Kai dai ka kula da idonka."

Ranar da ya dawo ina ƙofar gida, na ga Injiniya ya riƙo hannunsa yana dariya, yana cewa akwai abin da suka tanadar masa. Muka bi su ciki don yi masa barka. Aka wuce tsakar gida, aka buɗe ƙofar baya.

An rushe rumfar, an kwashe keji da turaku, an shafe filin duka da siminti sumul. An kafa sabuwar inuwa ta kwano, an jera fararen kujerun roba guda shida. A kusurwa ga wani keke mai ƙafa ɗaya an girke shi a ƙasa, irin na motsa jiki.

"Baba, ga wurin hutawarka," in ji Injiniya. "Wannan kuma ka taka shi yadda kake so, ba mota, ba kwata."

Duba-gari ya daɗe yana kallo da sabon idonsa. Sannan ya ce, "Wa ya gaya maka zancen kwata?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya shiga bayani, wai shekaru sun ja, wai dabbobi suna jawo ƙuda da cuta, kuma ai Baba da kansa ya koya musu rigakafi ya fi magani.

"Ni za ka koya wa cuta? A gidana ka taɓa ganin ƙuda ya yi kwana biyu?" Muryarsa ba ta ɗaga ba. "Yaushe aka kwashe su?"

"Washegarin tafiyarka."

Ya juya ya dubi Uwargida. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Mu maƙwabta muka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Da hantsi washegari ya taka da ƙafa zuwa shagon Tela. Tela na ganinsa ya tsayar da keken ɗinki, ya miƙe yana faɗin barka da arziki, yana jawo benci.

"Bar benci. Kai ka faɗa masa?"

Tela ya cire tabarau. "Ni ne. Tsoro na ji. Ranar nan jini na gani a fuskarka. In gobe mota ce, me zan ce wa iyalinka?"

"Awakin fa? Yaron nan bai san hanyar kasuwar dabbobi ba."

Tela ya ce shi ya kawo mai saye, don kada a cuce su. Baƙin keken kuma Injiniya ya bai wa maigadin ma'aikatarsu.

"Da ɗan gari akan ci gari," in ji Duba-gari. "Shekara hamsin, ba abin da ba mu faɗa wa juna ba. Da ka tare ni ka ce, wane, ka tsufa, sauka daga keken nan, da mun yi faɗa, da mun shirya kafin la'asar. Amma ka bari aka rufe min ido da bandeji, sannan ka shiga gidana."

Na Uwargida ya fi yi masa ciwo, kuma shi ya fi jinkirin taɓawa. Sai da aka kwana huɗu yana cin abinci ba magana, ita ta gaji ta same shi a ɗaki.

"Malam, ka yi min faɗa mana in huta."

"Sau ashirin da ɗaya na tambaye ki. Sau ashirin da ɗaya kika ce lafiya lau."

"Likita ya ce kada ranka ya ɓaci." Ta share ido. "Kuma ba zan ɓoye maka ba, ban hana su ba. Na ɗauka in ka yi ritaya zan same ka. Sai ka tashi daga gidajen mutane ka koma wurin awaki. Hirar da kake da akuyar nan, ni ban samu rabinta ba."

Wannan maganar ta shige shi, don bai musa ba. Ya ce da ta faɗa tuntuni. Ta ce ta faɗa, bai ji ba ne. Ya ce to, ya ji yanzu, amma a daina yanke masa hukunci kamar wanda ya riga ya mutu.

Injiniya ya dawo daga baya da ban haƙuri, ya ce zai sa a fasa simintin a sayo wasu awakin. Duba-gari ya ce a bar shi, abin da aka yi an yi. Ya dai karɓe makullin ƙofar baya ya sa a aljihunsa. Bai taɓa hawa keken motsa jikin ba. Uwargida ke shanya tawul a kai. Yanzu da safe da ƙafa yake fita, ya zaga unguwa ya dawo, kuma yakan zauna da Uwargida a tsakar gida su yi hira fiye da da. Sai dai in yaran suka ce za su kai shi wani wuri ya kwana, yakan ce a kawo masa likitan har gida.

Tela kuwa, wata bakwai suna gaisawa daga nesa. Da damina ta faɗi ciwon ƙafa ya kwantar da shi, aka rufe shago. Uwargida ta yi ta naci har Duba-gari ya saka hula ya je. Bai fi minti goma ba ya dawo.

"Kun shirya?" ta tambaye shi.

"Na gaishe shi," ya ce. "Ƙafar ta kumbura ƙwarai. Gobe ki dafa wani abu mai ruwa-ruwa, ki kai masa da kanki."