Ranar da Aka Sallama Markela Sau Biyu

Duk dillalin shatar jiragen ruwa da ke titin bakin teku a Pireyas ta ƙasar Girka wayoyi biyu ko uku yake jerawa a kan teburinsa, ya maƙale ɗaya a kafaɗa yana zuba ihu a ɗayar. Ban da Argiris Mavrelis. Shi tasa ɗaya ce tal, baƙa, tsohuwa. Abokan sana'a sun yi masa tsiya har sun gaji. "Argiris, rowa ce ko tsufa?" Sai ya yi yaƙe ya ce kunnensa ɗaya ne mai ji. Ƙarya yake yi, kunnuwansa garau suke.

Ɗan tsibirin Hiyos ne, kamar rabin mutanen titin. Ubansa kuku ne a jirgi, shi kuwa teku ba ta karɓe shi ba. Tafiyarsa ta farko amai ya yi ta kelayawa tun daga tashi har sauka, dole aka nema masa kujera a tudu. Aikin ba wani ɓoyayye ba ne. Ga mai jirgi ba kaya, ga mai kaya ba jirgi, dillali ya haɗa su a daidaita kuɗin dako da ranar isowar jirgi da kwanakin lodi da saukewa, ya ci la'adarsa. Takardar yarjejeniya daga baya take zuwa, wani lokaci jirgi ya riga ya yi nisa. Baki ne ke riƙe da komai. Kana iya lalubar mutum goma, wannan hira ce. Amma in ka ce wa mutum, "Na ɗaure maka jirgin zuwa tsakar rana," to nasa ne har lokacin ya cika, ko da wani ya zo da zinariya.

Wanda ya fara ba Argiris amanar jirgi shi ne Kyaftin Isidoros, mutumin garinsu, tsoho mai jirgi ɗaya rak, Markela, da ya saya da gumin shekarun da ya yi yana tuƙa na wasu. Shi ya riƙe 'yar Argiris ranar baftisma, suka zama kumbaro, kuma mu nan kumbaro ya fi wani ɗan'uwan na jini.

Sai shekarar da kasuwa ta mutu murus. Aka jera jirage a mashigin Elefsina kamar shanu a turke, tsatsa na cin su, Markela na ciki. Kullum da safe Kyaftin zai hawo ofis ya zauna, ya sha kofinsa, yana juya ɗan carbin wasansa, ba ya tambayar komai. Da faɗa yake yi da ya fi sauƙi. Shirun nan ne ya riƙa cin Argiris.

Ran nan Kyaftin ya tafi Elefsina duba inji, sai wani dillali ya bugo daga Landan da lodin alkama zuwa Iskandariya. Da izinin da tsohon ya bar masa, Argiris ya ɗaure masa Markela zuwa tsakar rana. Hantsi ya ɗaga, shiru. Ya buga, aka ce mai kayan yana taro. Ya san irin wannan taron, sau nawa ana binne masa ciniki a cikinsa. Can sai ga Timiyos, dillalin hawan ƙasa, ya leƙo yana taunar burodi mai riɗi.

"Kai ɗan Hiyos, tsohuwar nan taku tana iya motsi kuwa? Ina da siminti zuwa Legas, mutanena a matse suke. Ɗaure min yanzu in kawo maka amsa."

"Bari tsakar rana ta yi."

"Wace tsakar rana? Rabin Elefsina roƙona suke yi. Zumunci ne ya hawo da ni benen nan, ba neman lafiyar gwiwa ba."

Argiris ya dubi kujerar Kyaftin, ya dubi wayar da ta ƙi yin ƙara. Ya ce a ransa ai na Landan ya bi ruwa.

"Na ɗaure maka," in ji shi.

Taura biyu dai ba ta taunuwa. A lokacin wayoyi biyu ne a teburinsa. Saura ƙiris tsakar rana ta cika, wayar dama ta yi ƙara, Landan sun karɓa, ko ragi ba su nema ba. Bai ajiye ba ta hagu ta ɗauka, Timiyos ne har da dariya: "An gama! Ce wa tsoho ya kunna wa Waliyyi Nikolas kyandir a coci." Haka Argiris ya tsaya da waya a kowane hannu, gumi na bin bayansa. Jirgi ɗaya, ya sallama shi sau biyu.

Da yamma Kyaftin ya dawo, hannunsa duk baƙin mai. Argiris ya faɗa masa komai kansa a ƙasa, yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsohon ya daɗe yana juya carbi.

"Wa ka fara ba?"

"Landan."

"To alkama ta Markela ce. Simintin ma bakinka ya ɗauka, bakinka kuwa nawa ne. Sai mu nemo masa jirgi."

"Kumbaro, bari in sauka in gaya wa Timiyos gaskiya."

"Ka gaya masa me? In titin nan ya ji dillali ya yi baki biyu, gobe ko kwale-kwale ba mai ba ka. Yarinyar da na riƙe a coci me za ta ci? Ni na ci zamanina. Ja bakinka ka yi shiru."

Ya ja bakin kuwa. Nan abin kunyar yake, don bai yi wani musun kirki ba. Wani sanyi ma ya ji a ransa, kuma har yau bai yafe wa kansa sanyin nan ba.

Kyaftin ya cire hula ya tafi wurin ƙaninsa, wanda ko gaisuwa ba sa yi tun rabon gonar ubansu, ya ɗauki shatar jirginsa da tsada ta wulaƙanci don a kai simintin. Abin da alkama ta kawo duk ya tafi can, har da ciko. Sannan ya zauna a shagon kofi ya ce da bakinsa, kowa na ji, shi ya bugo daga Elefsina ya tilasta wa dillalinsa ɗaure wa mutum biyu, tsoron zaman banza ne ya kama shi.

Titin namu ba ya mantuwa, kuma ba shi da kunya. Suka raɗa masa Baki Biyu. In aka kawo tayin Markela sai wani ya ce, "Ku tambayo, da bakin dama ya faɗa ko da na hagu?" A tuntsire da dariya. Argiris na zaune a wurin yana kallon gindin kofinsa. Abin takaici, shi tausayinsa ma ake ji: "Sannu Argiris, kana fama da tsohon nan." Manyan masu kaya suka janye jiki daga Markela. Ba a jima ba aka sayar da ita ga masu yanka jirage, Kyaftin ya koma Hiyos. Argiris kuwa ya cire waya ta biyu, sunansa ya yi ta hawa, aka riƙa misali da shi wajen riƙon magana. Duk bikin Ista tsohon sai ya aiko masa da kwalbar ɓawon lemo a zuma. Matarsa da 'yarsa ke shanyewa, shi ba ya wuce masa maƙogwaro.

Da Kyaftin ya rasu, aka yi masa addu'ar arba'in a cocin Waliyyi Nikolas da ke bakin tashar. Aka fito ana rabon dafaffiyar alkama da sukari da rumman, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Timiyos, wanda shi ma furfura ta cinye shi, ya kamfata ya kai baki ya ce, "Allah ya jiƙan Baki Biyu. Ina fata dai bai ɗaure wa aljanna da wuta lokaci guda ba."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Ba shi ba ne," in ji Argiris. "Ni ne. Bai bugo ba, bai ma san an yi ba. Ni na ɗaure maka, Timiyos, alhali Landan na riƙe da jirgin. Shi rufa min asiri ya yi."

Timiyos ya dube shi, idonsa ya kawo ruwa, sai ya rungume shi.

"Jama'a kun gani? Wannan shi ne kumbaro! Mutum ya shiga ƙasa, shi yana nan yana ɗauke masa laifi. Argiris mai waya ɗaya ne zai yi baki biyu? Haba, a bar zancen."

Argiris ya rantse, ya sake rantsewa har da giciye. Yana rantsuwa ana bubbuga kafaɗarsa ana jinjina masa. Mutum ɗaya ne zai iya ba shi shaida, shi kuwa alkamar sadakarsa ce a hannun kowa.

Kafin mako ya zagayo, ɗan ƙanin Kyaftin ya hawo benen ya damƙa wa Argiris jiragen gidansu duka. Ya ce a ƙofar coci ya ga irin amanarsa.