Abin da Baba Ya Hana Ni Faɗa wa Yaya

Mahaifinmu mahauci ne a kasuwar Batsari. Tun muna ƙanana, ni da yayata muke kai masa abincin rana duk ranar kasuwa. Ni da na ajiye kwano sai in wuce wajen masu rake, ita kuwa sai ta tsuguna tana kallon yadda ake fiɗa. Ta girme ni da shekara huɗu. Ita ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunanta ba, "uwata" yake ce mata.

Na tuna wata rana da aka buɗe cikin wata saniya aka tarar da hantarta duk wasu fararen ƙulalai masu tauri. Baba ya cire hantar ya ce a binne ta. Yaya ta bi shi da tambaya, me ya sa wannan saniyar ta kamu, sauran da suke kiwo tare ba su kamu ba. Ya goge wuƙarsa ya ce wannan sai ta tambayi malamanta na boko, shi dai ya san naman da ba a sayarwa.

Ta tafi makarantar kwana, daga nan jami'a, daga baya aka ɗauke ta ƙarin karatu a Turai, can kuma ta samu aiki a wani ɗakin bincike. Ni na zama malamin firamare a Safana. Mutane sun yi ta surutu a kan 'ya mace da ta yi nisa haka, Baba bai taɓa tanka wa kowa ba. Idan aka tambaye shi aikinta sai ya ce maganin ciwon daji take nema, ya ci gaba da yankan namansa.

Na daɗe ban fahimci aikin ba, har sai da ta zo gida wata kaka. Muna zaune a tsakar gida muna taya Inna ɓarar waken da aka kawo daga Wagini, na ce ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce jikin mutum yana da masu gadinsa a cikin jini, su ne ake kira garkuwar jiki, kuma da sun ga baƙuwar cuta sai su far mata. Matsalar ciwon daji ita ce ba baƙo ba ne, naman jikin ne da kansa yake lalacewa, don haka masu gadin sukan gan shi su wuce. Har wata alama yake ɗauke da ita mai sa su kwanta. Aikinta shi ne ta gano wannan alamar, ta nemi yadda za a toshe ta, masu gadin su farka. Inna ta tambaya ko da mutane take gwadawa. Yaya ta yi dariya ta ce da ɓeraye tukuna.

Shekaru ta yi a kan ɓerayen nan. Akwai lokacin da ta kira ni ta ce aikin da ta daɗe tana yi ya rushe, ashe hanyar da ta bi ba ita ba ce. Ta sake daga farko. A hankali abin ya fara tafiya, har aka ba su izinin gwada maganin a kan marasa lafiyan da sauran magunguna suka kasa.

Daidai wannan lokacin ne Baba ya fara kasa haɗiye nama. Ya koma tuwo mai ruwa, daga tuwo ya koma kunu. Rigunansa suka yi masa yawa. Na kai shi asibiti a Katsina, likita ya duba shi ya rubuta wasu gwaje-gwaje, ya ce kada mu yi jinkiri. Baba bai yi boko ba, amma ya shekara arba'in yana duba cikin dabba, ya gane abin da likitan yake zargi. A mota muna dawowa ya kama wuyan hannuna.

"Ba za ka faɗa wa uwata ba," in ji shi.

Na ce, "Baba, ai ita ce ta san wannan ciwon."

"Akwai mutanen da suke jiran ta a can. Idan ta ji, za ta bar su ta taho. Bari ta gama."

Na yi masa magiya har muka shigo Batsari. Ya ce idan na faɗa bai yafe ba. Gwaje-gwajen ma ya ƙi komawa, ya ce idan aka kwantar da shi labari zai kai gare ta. Wani Bafulatani abokinsa daga Ruma ya riƙa kawo masa saiwoyi yana jiƙawa yana sha.

Duk Juma'a bayan masallaci Yaya take kira. Sai Baba ya kurɓi ruwa, ya gyara zama, ya ɗaga murya yana tambayar ta sanyin garinsu. Idan ta ce a kunna hoto ta gan shi, ni ne nake cewa sabis ba kyau. Wata bakwai ina wannan ƙaryar. Wata Juma'a tari ya sarƙe shi yana cikin magana, Inna ta karɓe wayar daga hannuna ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ita ba a sa ta alkawari ba.

Kwana huɗu bayan haka Yaya ta iso. Baba yana kwance a kan tabarma a zaure, da la'asar. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba, sannan ta sa yatsu tana latsa wuyansa da saman ƙirjinsa. Na ga inda hannunta ya tsaya. Ba ta kalle ni ba.

Washegari muka tafi da shi babban asibiti. Da sakamako ya fito, ta tsaya a baranda ta karanta takardun sau biyu. Ciwon ya tashi daga maƙogwaro ya kai hanta. Na tambaye ta ko maganin nasu zai yi. Ta ce ba a kan irin wannan aka gwada shi ba, kuma ko da an gwada, jikin Baba ba zai ɗauka ba yanzu. Na yi ƙarfin hali na tambaya ko da na faɗa mata tun farko zai warke.

"Ban sani ba," ta ce. "Amma da ya ci abinci da bakinsa har wata shekara."

Muka dawo da shi gida. Mako biyar ta yi tana jinyarsa, tana ba shi kunu da ƙaramin cokali, tana juya shi don kada bayansa ya yi ciwo. Bai nemi gafararta ba, ita ma ba ta yi masa ƙorafi ba. Sau ɗaya na ji ya tambaye ta ko aikin ya yi. Ta ce ya yi wa wasu, akwai waɗanda aka cire rai da su da suka koma gidajensu, wasu kuma bai yi musu ba, har yanzu ana neman dalili. Ya ce alhamdu lillahi, ya rufe ido. Ya rasu wata safiya cikin damina. Bayan addu'ar bakwai ta koma, kuma ta kusa shekara ba ta kira ni ba, sai dai in ji labarinta wajen Inna.

Da ta sake kira na, maganar aiki ta kawo. Ta ce yawancin abin da aka sani game da garkuwar jiki da ciwon daji daga jikin mutanen wasu ƙasashe aka samo shi, namu ba a duba su ba, domin ba sa zuwa asibiti sai abu ya ƙare. Ta haɗa kai da wasu likitoci a nan gida, ta riƙa zuwa tana koyar da matasan masu bincike. Ta kuma roƙi ma'aikatan ƙananan asibitocin Batsari da Safana su riƙa turo duk wanda suka ga da ƙulli tun yana ƙarami. Ni ta ba aikin bin mutanen a babur in tuna musu ranar komawa. Na karɓa.

Aikin bai yi nisan da take so ba. 'Yan bindiga suka tsananta, asibitin wani ƙauye kusa da Ruma ya rufe, ma'aikaciyar da take taimaka mana ta kwashe yaranta ta bar garin. Da yawa daga cikin waɗanda nake bi sun yi hijira, na je gidajensu na tarar ba kowa. Wasu na ji rasuwarsu a bakin maƙwabta. Akwai dai wata mata daga Darini da aka gano nata a nono da wuri, aka yi mata aiki. Tana nan da ranta, tana soya awara a bakin tasha a Batsari. Duk zuwan Yaya sai ta je ta gaishe ta, su daɗe suna hira.

Yanzu Yaya ta yi furfura. Ina jin ana gayyatar ta ƙasashe ta yi jawabi, ɗalibanta ma sun zama manya. Maganar Baba sau ɗaya kawai muka sake yin ta, a mota, ina raka ta Katsina za ta koma. Mun wuce gonaki tana kallon waje, sai ta ce ta daina fushi da ni tuntuni, ta san halin Baba, ta san ba a yi masa musu. Na ce na gode. Sai ta ce amma har yau duk ranar Juma'a sai ta tuna muryarsa a waya, tana tambayar kanta yadda aka yi ita da take wannan aikin ba ta gane ba. Na mai da idona kan hanya har muka isa.