Ruwa Ya Ja Bana?

Duk shekara, idan zangon karatu na biyu ya zo, nakan ɗauki alli in rubuta wa ɗalibaina wuraren da ya kamata ɗan ƙasar nan ya gani tun ƙafarsa na da ƙarfi. Dutsen Dala, rijiyar Kusugu a Daura, hasumiyar Gobarau a Katsina, ruwan ɗumin nan na Yankari. Sannan in dawo da su gida, don kada su ɗauka sai an yi nisa ake samun abin kallo: duwatsun Rurum masu hawa kan juna, dajin Falgore, tsaunukan Riruwai can ƙasar Doguwa. Dam ɗin Tiga nake rubutawa a ƙarshe. Yaran sun ɗauka don ya fi kusa ne. Gaskiyar ita ce ba na son rubuta shi, manhaja ce take tilasta ni.

Wannan jera wurare ba a kwaleji na fara koyonsa ba. A bakin murhun kakata na koye shi, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya. Ƙauyenmu yana kan tudu kusa da Tiga, ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka kafa wa mutanen da ruwan dam ya tasa. Idan an sauke tuwon dare an yi magariba, Iya ba ta barin garwashin ya mutu a banza. Sai ta tura dankali cikin toka, ta ja kujerarta ’yar tsugunno, mu kuma jikoki mu kewaye ta. Ni ce babba, ni ce kuma mai baki. Ƙawata take kirana, ni ma haka nake kiranta in na so tsokana, irin wasan jika da kaka.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Cewa take, “Kowa ya gyara ɗaurin zaninsa, tafiya za mu yi.”

Mu kuma mu haɗa baki mu ce, “Ina za mu, Iya?”

Matar da ba ta taɓa wuce kasuwar Tudun Wada ba, amma ta kai mu ko’ina. Babanta bafatake ne, da jakuna ya yi yawo, shi ya zuba mata labarin garuruwa tun tana yarinya. Ta kai mu Daura mun leƙa rijiya, ta hau da mu hasumiya a Katsina har ƙanena ya ce jiri yake ji. Ta kai mu Legas inda ruwa ke da gishiri, ta ce matan can ba sa sayen gishirin miya, ɗiba kawai suke yi. Rabin abin da take faɗa ƙari ne, kuma ƙarin ya fi gaskiyar daɗi. In ta gama sai ta ce, “Mun dawo, kowa ya karkaɗe ƙafarsa,” sannan a raba dankali.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ma so. Ba ta yin ta sai da bazara, lokacin da zafi ya tsananta aka fara hangen hadari. In muka ce ina za mu, ta ce, “Yau ba nisa,” to mun san ita ce, sai mu fara ƙunƙuni.

Wai wani baƙo ne ya zo wani gari, sunansa Ruwa. Dogo ne, mai sanyin murya, ga ladabi. Waɗansu mutane masu faffaɗan huluna ne suka rako shi, suna kafa turaku suna shafa musu jan fenti. Ya yi sallama, ya ce ba abin da yake nema sai inda zai miƙe ƙafa. Aka ba shi fadama. Kwana biyu ya ce ƙafar ba ta gama miƙewa ba, aka ba shi gonaki. Mutanen garin masu kunya ne, ba sa tambayar baƙo ranar tafiyarsa. Suna nan suna kallon juna har ya shigo zaure, ya kashe wutar murhu, ya hau gado. Kowa ya ɗaure kayansa ya nufi tudu.

A garin akwai wata mata. Ta ɗauki tukwanenta da tabarmarta, ta goya jaririnta. Amma tana da wani yaron da yake barci a bayan ɗaki. Ta kira shi, ta sake kira, bai tashi ba. Sai ta ce wa baƙon, “Ga amana nan, kada ka tashe shi.” Ruwa ya ce, “Na karɓa. Duk shekarar da na janye ƙafata, ki zo ki duba shi.” Matar ta ce yaya za ta gane wurin bayan ya shafe komai? Ya ce, “Ki tsaya a kan dutsen wanki, ki ba gabas baya. Ki miƙe har ki iske itatuwan kirya biyu masu kallon juna. Daga nan sai ki…”

Nan nake katse ta. Kusan kullum a nan ne, don na san daga nan tatsuniyar ba ta da sauran daɗi, ba dodo, ba aure, ba wanda ya ci wani.

“Ƙawata, wannan mata ba ta da hankali,” in ji ni. “Wace uwa ce za ta ɗauki tukunya ta bar ɗanta?”

Yara suka kwashe da dariya. Iya ta sa tsinke tana juya dankali a toka, ba ta ɗago ba.

“Barcin ne ya yi nauyi,” ta ce.

“To ta ɗauke shi mana.”

“Ba ya ɗaukuwa, ƙawata.”

“Mu dai a kai mu Legas.”

Sai ta kai mu Legas. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, kuma da ta yi, da ya fi mini sauƙi yau. Ni a lokacin gani nake na fi kowa wayo, don na gane baƙon nan dam ne. Wa bai san an tashi garinsu Iya ba? Yaron mai barci kuwa na ɗauka dabarar tsofaffi ce, don mu riƙa tashi da wuri mu tafi ɗiban ruwa.

Na girma, na yi karatu, na zama malamar labarin ƙasa a wata makarantar ’yan mata a Bebeji. Aka ɗora mini shirya yawon buɗe ido, don an ga ina da kai a wajen. Wuraren da Iya ta kai mu da baki, na je su da ƙafata, da bas cike da yara. Nakan dawo in nuna mata hotuna a waya, in riƙa gyara mata: hasumiyar ba ta kai tsawon da kika ce ba, matan Legas sayen gishiri suke yi kamar kowa. Sai ta yi dariya ta ce babanta ne ya yi mata ƙarya, Allah ya jiƙansa. In mun gama, tambayarta ɗaya ce, musamman in bazara ta kama.

“Ruwa ya ja bana?”

Nakan ce, “Ya ɗan ja.” Ban taɓa dubawa ba. Na sa tambayar a layin su yaya zafi, yaya gajiya.

Wata shekara damina ta yi gajarta, ranin da ya biyo baya kuma ya yi tsawo. Dam ya ja ƙwarai. Masunta suka riƙa labari a kasuwa cewa kututturan tsohon gari sun fito, har an ga bakin wata rijiya. Na zo gida ran Juma’a, na iske Iya ta yi wanka ta shafa mai, ta ɗauko mayafin da take zuwa suna da shi ta ajiye kusa da ita. Idonta ya riga ya fara rauni a lokacin, amma tana gane mutum.

“Ƙawata,” ta ce, “da za ki kai ni bakin dam in sha iska. An ce akwai masu kwale-kwale.”

Ni kuwa kaina ya ɗau zafi, ranar Litinin zan kwashi yara zuwa Katsina da Daura, ga takardun izinin iyaye ban gama tattarawa ba.

Na ce, “Haba Iya, me za ki gani a Tiga? Ruwan da kike hange daga bayan gida? Bari in dawo, Rurum zan kai ki, ki ga duwatsu na gaske.”

Ta ce, “To.” Ta ninke mayafin ta mayar cikin kwalla.

Na dawo, jarrabawa ta taso. Kafin in waiwaya ruwan sama ya sauka, dam ya koma inda yake. Rurum ɗin ma ban kai ta ba. Iya ta rasu da kaka, ana yankan gero.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, muna zaune da babana a zaure. Don in ɗan sa shi murmushi, na ce masa har Iya ta tafi ban gane abin da ya haɗa ta da tambayar ruwa ba, har kwale-kwale ta so in sa ta.

Baba ya juyo ya dube ni. “Ta ce ki kai ta?”

“Ta ce, da bazarar nan.”

 Sannan ya ce, “Hauwa, kin taɓa jin uwa tana kiran sunan ɗan farinta?”

Na ce a’a. Kowa ya san wannan a wajenmu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna sonsa a gaban mutane, kunya ce da ake gado.

“To ni da wane suna take kirana?”

Sani take kiransa, gatsau, tun daga tsakar gida har waje. Shekara talatin ina ji, ban taɓa tsayawa na yi tunani ba.

Ya ce, “Akwai wana. Ƙyanda ce ta ɗauke shi yana shekara uku, aka binne shi a bayan ɗakinta, yadda ake yi wa ƙananan yara a da. Ba a yi shekara biyu ba aka tashe mu. Ni ne jaririn da ta goya. Sunansa Habu, kuma a bakin babanmu na ji, sau ɗaya. Ita ba ta taɓa faɗa ba, an ce ko da Habun ya mutu ba ta yi kuka a gaban kowa ba.”

Na ce, “Baba, me ya sa kai ba ka kai ta ba?”

“Ba ta taɓa tambayata ba. Ba za ta iya ba. Ni ɗanta ne, da wane ido za ta dube ni ta yi mini zancen ɗan fari? Ke ce abokiyar wasanta. Ke kaɗai take iya roƙo.”

Na ji haushin al’adar da ta ɗaure bakin mace shekara hamsin. Na ji haushin masu turaku da jan fenti, da suka auna gonaki da ɗakuna, ba wanda ya tambayi abin da ke bayan ɗakin. Amma duk wannan haushin aro ne. Na gaskiyar nawa ne, don ni ce na tambaye ta a gaban yara wace uwa ce za ta bar ɗanta, ba sau ɗaya ba, kuma ta ba ni dankali bayan nan.

Sai da aka yi shekara huɗu kafin ruwa ya sake ja sosai. Na tafi ni kaɗai da hantsi. A bakin dam akwai baƙi daga birni, sun shimfiɗa darduma suna cin soyayyen kifi suna ɗaukar hoto, wata ma ta ba ni wayarta na ɗauke su. Na sami wani dattijon masunci, Malam Idi, wanda aka ce shi ma ɗan tsohon garin ne, yana yaro aka tashe su. Na shiga kwale-kwalensa, ya tura mu daga gaɓa.

“Ina za mu, Malama?” ya ce.

Na ce, “Dutsen wanki.”

Ya san shi. Kansa ya fito kamar bayan saniya, tsuntsaye sun yi masa fari. Muka ba gabas baya, muka miƙe. Ban yi zaton zan ga komai ba, sai ga su: kututture biyu baƙi ƙirin, a tsaye cikin ruwa, suna fuskantar juna. Malam Idi ya ce kirya ce, ita kaɗai ke jure ruwa haka. Ashe ko kalma ɗaya Iya ba ta ƙara ba a wannan tatsuniyar.

Ya tsayar da kwale-kwalen tsakaninsu, ya ɗora filafili a cinya.

“Daga nan sai ina?”

Na duba dama, na duba hagu. Ruwa ne ko’ina, lumui, ba alamar komai.

“A nan gidaje sun fi arba’in a da,” ya ce. “Ba ta faɗa miki gaba ba?”

Na ce, “Ta so ta faɗa, Baba. A nan nake katse ta.”

 Ya ɗaga hannu, na ɗaga nawa, muka yi wa Habu addu’a a inda muke, ko kusa ne ko nesa. Wannan ne karo na farko da wani daga gidanmu ya kira sunansa a kan ruwan.

Har yanzu ina kai yara yawon buɗe ido, kuma ban daina cewa su je su ga ƙasarsu ba, tana da kyau. Sai dai duk inda na ga an taru ana cewa kai, wurin nan ya yi kyau, nakan tambayi kaina na wane ne kafin ya zama abin kallo. Na san hanyar Daura, na san ta Yankari, ko ido rufe zan kai bas. Hanya ɗaya da aka taɓa roƙona in bi, rabinta na sani.

Bara wata yarinya a aji ta ɗaga hannu bayan na rubuta Tiga a ƙasan allo. Ta ce kakarta ma tana da wani labari a kan dam ɗin, amma dogo ne, ba ya ƙarewa, barci yake sa ta.

Na ajiye allin na ce, “Tana da rai?”

Ta ce, “E, Malama.”

Na ce, “To aikin gidanki ke nan. Yau ki bar ta ta kai ƙarshe.”