Jiragen da Malam Ilu Ya Gani a Bahar Maliya

Kakata Iya Tabawa, wadda ta haifi babanmu, ba ta yin tatsuniya kyauta. Da an sauke tuwo a gidanmu na Surko, sai mu kewaye murhu, ta dire mana kwandon gyaɗa. Muna ɓara tana ba da labari, hannu ya tsaya bakinta ma ya tsaya. Gyaɗar da Gizo da Ƙoƙi suka sa muka ɓare mata, Allah kaɗai ya san yawanta.

Akwai dai labari ɗaya da in za ta ba da shi sai ta ce a ture kwandon gefe. Ba ta buɗe shi da gatanan, ba ta rufe shi da ƙurunƙus, don a cewarta ba tatsuniya ba ce, maganar babanta ce.

Baban nata, Malam Ilu, ya tafi Makka a ƙasa yana saurayi, a shekarun da Nasara suka ci Kano. Suna cikin jirgin Larabawa suna ƙetare Bahar Maliya, sai ga baƙaƙen jiragen yaƙi a jere, hayaƙinsu ya turnuƙe sama. Aka ce na Rasha ne, za su ƙarshen duniya su hukunta wasu mutane wai su Japan. Iya takan ce jiragen sun yi wata da watanni a hanya, gansakuka ta cika gindinsu, gawayi jibge har inda sojoji ke kwana, kowa ya galabaita. Japan kuwa suna gida suna gyara nasu jiragen, suna koyon saiti safe da yamma. Da aka haɗu a wani mashigin teku, kafin a kwana biyu yawancin jiragen Rasha sun nutse, wasu suka miƙa wuya. Labarin ya iske Malam Ilu a Makka.

"Ashe Turawa ma ana ka da su," in ji Iya, tana buga ƙasa da tafin hannu.

Abin da ke cin ranta shi ne, da ya dawo gida ya ba da labarin, dariya aka yi masa. Wa zai ci Bature da yaƙi, a kan ruwa kuma? Har ya koma ga Allah, in mutum ya shara ƙarya a Surko sai a ce ya hau jirgin Ilu.

Ni ma na yi nawa rashin hankalin. Wata rana tana gamawa na ce ƙurunƙus, wai ni wasan jika da kaka. Ba ta ce mini mijin banza kamar yadda ta saba ba, tashi kawai ta yi ta shige ɗaki. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ina ajin ƙarshe na sakandare a Birnin Kudu na ci karo da yaƙin a littafin tarihi, har da taswirar da ta nuna wani rukunin jiragen ya bi ta Bahar Maliya. Na ari littafin na nufi gida, na karanta wa Iya ina fassarawa. Lokacin idonta ya yi rauni, sai ta shafa shafin, ta ce in kama hannunta mu je wurin Baba Datti, tsoho ɗaya da ya rage cikin waɗanda suka yi wa babanta tsiya suna samari. Ta ce in ɗaga murya, kunnensa ya yi nauyi.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Ilu. Mun ɗauki alhakinsa, Tabawa."

"Na ji," in ji Iya. "Amma a gaban jama'a kuka ƙaryata shi, can za ka faɗa."

Da ina yaro, da Japan nake taƙama kamar 'yan uwana ne. Yanzu da na yi furfura, alfaharina yana kan matar da ba ta san ko bihim a boko ba, amma ta riƙe maganar ubanta ita kaɗai, duk gari na dariya, ba ta taɓa rage ko jirgi ɗaya ba. Baba Datti kuwa ya cika umarni. Washegari bayan sallar la'asar ya miƙe a kan sandarsa, ya ce kowa ya zauna, yana da shaidar da zai bayar a kan wani mamaci.