Masar da Nake Raba wa Ɗanlami

Har in koma ga Allah ba zan manta da Talatar da Likita ta ɗaga katin Ɗanlami ta kira sunana ba. Ku sababbin zuwa masu satifiket, ku saurara.

Shekara ashirin ina atanda, mai hidimar majinyata, a sashen masu taɓin hankali na asibiti, ba ƙarin girma, ba ko sannu. Talata ce ranar da waɗanda aka sallama ke dawowa karɓar magani. Aikina shi ne in ɗora mutum kan sikeli, in rubuta nauyinsa a kati. Amfanin lambar kuwa, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Ɗanlami manomi ne daga Zungur. Fata da ƙashi aka kawo shi, yana jin muryoyi. Aka ɗora shi kan magani, muryoyin suka lafa, jiki ya soma cika. Kullum sikeli na hawa, ni ina murna. Na ce wa uwarsa, "Inna, ɗanki ya murmure, ki ƙara masa tuwo." Ni ma masata ta safe biyu nake raba ta, in miƙa masa rabi.

Ranar Talatar nan Inna ta shaida wa Likita ba ya ƙoshi, ruwa buta-buta yake sha, kiyashi na bin fitsarinsa. Aka auna jini, sukari ya hau.

Likita, sa'ar 'yata ce, ta ce, "Baba Sale, maganin nan yana kwantar da muryoyi, amma yana taɓa wurin da ke sanar da mutum ya ƙoshi a ƙwaƙwalwa, yana rikita yadda jiki ke sarrafa abinci. Lambar nan taka ita ke nuna mana tun da wuri."

Na ce, "Ranki ya daɗe, yau na fara ji."

Ta sunkuyar da kai. "Laifinmu ne."

Ɗanlami ya ce, "To in bar maganin?" Ta ce a'a, muryoyin za su dawo, a hankali za a sauya masa wani, a rage ci.

A baranda na tarar Inna ta buɗe kwanon da ta zo da shi. Ta ce, "Ba kai ka ce in ƙara ba?"

"Ni ne, Inna. Jahilcina ne."

"Wata nawa ina roƙonsa ya ci ko loma ɗaya, yau kuma in janye kwano?" Sai hawaye.

Ɗanlami ya ɗauki murfin. "Bari, Inna, ni zan rufe da hannuna."

A aikin nan na gane ba mugunta kaɗai ke cutar da majinyaci ba, har da ƙaunar da ba a yi wa bayani ba. Har yau ni atanda ne. Amma duk wanda ya hau sikelina, sai na gaya wa uwarsa abin da lambar ke nufi.